Ba a Sake wa Tuwo Suna, Amma an Sake Masa Hatsi

Akwai wata jimla da ba ta rabuwa da rubuce-rubucen ɗalibai a duk lokacin da aka ba su aikin nazarin abinci da al'ada. Ana ganinta a insha'in 'yan sakandare, ana kuma sake cin karo da ita a kundayen neman digiri: wai abincin Bahaushe tuwo da miya, na Bafulatani kuwa fura da nono. Malamai da yawa kan sa mata alamar daidai su wuce, domin dai ba ƙarya ba ce. Sai dai rashin zama ƙarya kaɗai bai isa ya shigar da magana cikin rubutun ilimi ba. Jimlar ba ta faɗi ko tuwon wane hatsi ba ne, ba ta ambaci gari ko shekara ba, balle ta nuna daga bakin wa aka ji. Ya kamata malamai su daina karɓar irinta, su riƙa mayar wa ɗalibi takardarsa har sai ya ɗaure kowace magana da wuri, da lokaci, da awo, da kuma wanda ya faɗa.

Babu inda ya fi dacewa a gwada wannan ra'ayi kamar kudancin Jihar Kano. Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna jere ne daga filayen noma na kusa da birni har zuwa duwatsun Riruwai. Wanda ya bi hanyar da ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Saminaka zai ga itatuwa suna ƙara kauri, ciyawa tana ƙara tsawo, domin ruwan sama a can ƙarshen kudu yakan haura milimita 1,000 a shekara, ya fi na arewacin jihar nesa ba kusa ba. A cikin wannan yanki akwai Hausawa Musulmi, da Hausawa Kirista, da waɗanda ake kira Maguzawa, da Fulanin gida da na rugage, da kuma Kurama, masu kiran kansu Akurmi, a ɓangaren Doguwa. Duk wanda ya tattara tukwanen waɗannan mutane ya zuba su cikin jimla guda, to bai leƙa ko ɗaya daga cikinsu ba.

A fara da tuwon kansa. Hausawa na cewa ba a sake wa tuwo suna, kuma gaskiya ne ba a sake ba. Abin da aka sake shi ne hatsin. Dawa da gero 'yan asalin Afirka ne, an fi shekara dubu huɗu ana noma su a wannan nahiya. Masara kuwa baƙuwa ce. A kudancin ƙasar Meziko aka fara noma ta, ba ta kuma taka Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Har zuwa farkon shekarun 1970, a mafi yawan ƙasar Hausa masara amfanin bayan gida ce, ana shuka 'yar kaɗan a gasa ko a dafa a ci kafin gero ya nuna. Abin da ya sauya matsayinta sananne ne: ingantaccen iri, musamman farar masarar nan mai suna TZB da cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar, da takin zamani mai rangwame, da shirye-shiryen bunƙasa noma irin na Funtuwa wanda aka fara a 1975, da na hukumar KNARDA a Kano daga farkon shekarun 1980. Masara tana son ruwa da taki, saboda haka ta fi kama ƙasa a wuraren da ke da damina mai kyau kamar Doguwa da Tudun Wada. Ke nan idan dattijuwa a Dadin Kowa ta ce tun tana yarinya tuwo ake ci a gidansu, jikarta ma ta faɗi haka, kalma ɗaya suka furta amma mai yiwuwa abinci biyu suke nufi. Ɗalibin da bai tambayi hatsin ba ya bar tarihin noma na rabin ƙarni ya wuce ta gabansa bai gani ba.

Wannan tambaya ba ta tarihi kaɗai ba ce, ta shafi lafiya. Sinadarin nayasin da ke cikin masara a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai. Mutanen Meziko sun daɗe suna dafa masararsu da ruwan toka ko na farar ƙasa, wanda ke kwance wannan ɗauri. Inda masara ta je ba tare da wannan dabara ba, kuma talauci ya hana mutane haɗa ta da wake ko gyaɗa ko nama, an sha fama da cutar felagara mai lalata fata, kamar yadda ya faru a arewacin Italiya da kudancin Amurka. Don haka likita ko jami'in abinci mai gina jiki da zai karanta kundin ɗalibi yana bukatar ya san hatsin, ya san ko an surfe shi an zubar da dusa, ya kuma san abin da ake haɗa shi da shi.

Shinkafa ma haka labarinta yake. An gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Shinkafar da a da sai ranar salla ko biki ake ganinta a gidaje da yawa, yanzu ita ce garau-garau da dafa-duka na yau da kullum, Tudun Wada kuma ta yi suna wajen cinikinta. Ko ita ɗin ma iri biyu ce. Akwai ta gargajiya ta Afirka, Oryza glaberrima, akwai kuma ta Asiya, Oryza sativa, wadda ita ce ta mamaye gonaki. Tafkin Tiga ya kuma kawo ɗanyen kifi kusa da mutanen da a da ba su cika samunsa ba.

Idan aka koma kan miya, abin ya fi ban mamaki. Miyar taushe, wadda ake ɗauka uwa ce a cikin miyar Hausawa, a duba abin da ke cikinta. Kabewa daga nahiyar Amurka take, haka gyaɗa, haka tumatir da tattasai da attarugu. Rogo daga can ya zo, zogale kuma daga Indiya. Wannan ba ya rage wa taushe zamanta miyar Hausawa ko da ƙwayar zarra, domin ba asalin iri ke mallaka wa al'umma abinci ba, hannun da ya sarrafa shi da sunan da aka raɗa masa su ne. Amma yana nuna haɗarin wata jimlar da ɗalibai ke ƙauna, wato "tun kaka da kakanni". Kafin a rubuta ta, a tambayi wane kaka ake nufi.

Akwai wata 'yar ƙaramar kalma da ke taimaka wa wannan kuskure, ita ce "kan" ta sabo. Da zarar an rubuta "Maguzawa kan yi kaza" ko "Fulani kan ci kaza", an cire maganar daga cikin zamani, an mai da ita kamar halitta. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, littafinsa ya fito a 1946, ya kuma bayyana matsayin giyar dawa a bukukuwansu da tsafe-tsafensu na wancan lokaci. Aiki ne mai daraja. Amma ɗalibin da ya kwafo bayaninsa ya liƙa wa mutanen wani ƙauye a Kiru a yau, ba tare da shekara ba, ya yi wa jikokin waɗancan mutane ƙage, domin da yawansu sun musulunta ko sun shiga Kiristanci tun tuni. Abin da ya dace shi ne a rubuta cewa Greenberg ya ga kaza a shekara kaza, sannan a je a gani ko yana nan. Idan an tarar yana nan, a rubuta shi yadda yake, da sunan da masu shi ke kiransa, ba tare da ɗalibi ya cusa tsokacinsa a tsakiyar bayani ba. Idan an tarar ya gushe, a tambayi yaushe, kuma me ya maye gurbinsa. Galibi ma mai bincike zai tarar tuwon gidan da miyarsa ba su da bambanci da na maƙwabtansu Musulmi, kuma wannan kamancin shi ma sakamakon bincike ne da ya cancanci a rubuta. Ɗalibai sun fi son farautar bambanci saboda ya fi daɗin karatu, alhali a yankin da mutane ke zaune kafaɗa da kafaɗa, rubutun da ke kambama bambancin abinci yana iya zama makamin gori da raini.

Fura da nono, wadda jimlar can ta farko ta miƙa wa Fulani kacokan, ita ce ma ta fi kowane abinci ƙaryata rabon. Geron daga gonar manomi yake, nonon daga garken makiyayi. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsu sun wallafa binciken da ya nuna cewa mafi yawan Fulani makiyaya da suka gwada suna iya narkar da laktos, wato sukarin da ke cikin madara, har bayan sun girma, alhali mafi yawan manyan mutane daga al'ummomin da ba makiyaya ba ba sa iyawa. Dalili shi ne sinadarin laktes da hanji ke fitarwa yakan ragu bayan yaye, sai ga waɗanda suka gaji wani sauyi a ƙwayoyin gadonsu. To, yaya aka yi manomi ke shan nono lafiya lau? Saboda ba ɗanyar madara ake kawo masa ba. Idan madara ta kwana, bakteriya masu sa tsami suna cinye wani kaso na sukarin su mai da shi tsami, sai ta yi wa ciki sauƙi. Ƙwaryar da ake damu a cikinta a Kwanar Dangora mahaɗar sana'o'i biyu ce da jinsunan jiki biyu. Wanda ya rubuta ta a ƙarƙashin sunan ƙabila ɗaya ya ɓatar da abin da ya fi muhimmanci game da ita, wato cinikin da ke tsakanin ruga da gari.

Daga nan sai batun suna. Sunan tsiro na Hausa wajibi ne a rubuta shi kamar yadda aka ji, amma shi kaɗai bai wadatar ba. Yakuwa a Kano ita ce sure a Sakkwato. Ganyenta ake kira yakuwa, jan ɓawon da ke rufe 'ya'yanta shi ne zoɓo, ƙwayar kuma da ita ake daddawar batso, duka tsiro ɗaya ne, Hibiscus sabdariffa. Baƙon da ya karanta sunayen uku zai ɗauka tsirrai uku ne. J. M. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya haɗa kowane suna da na kimiyya ne saboda irin wannan ruɗani. Ɗalibin sakandare ba sai ya haddace Latin ba. Ya isa ya tsinko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, ya danne shi tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, ya rubuta wuri da rana da sunan da aka gaya masa, malaminsa ya kai sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello a tantance. Haka kuma a guji fassara sunayen abinci zuwa Turanci a jefar da na Hausa, domin kunu da koko da fate da farau-farau sukan narke su koma kalma ɗaya a can.

Daddawa ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce misalin abin da kyakkyawan bayani zai iya fitarwa. Ana tafasa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, na tsawon sa'o'i masu yawa, a sussuke ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a rufe a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. A cikin wannan rufi bakteriyar Bacillus subtilis ke farfasa furotin ɗin kalwa. Warin da ke tashi na amoniya ne, daɗin da take sa wa miya kuwa mafi yawansa daga sinadarin gulutamet yake. Wannan sinadari shi ne Kikunae Ikeda na Japan ya gano a 1908 cewa shi ke ba da wani ɗanɗano na musamman, shi ne kuma farin magi da ke kan teburin mai koli, yana kuma cikin dunƙulen Maggi. Ashe matan ƙasar Hausa sun daɗe suna haɗa a tukunya abin da masana'anta ta zo tana sayarwa a takarda, da bambancin cewa daddawa tana ɗauke da furotin da mai, dunƙule kuwa gishiri ya fi yawa a cikinsa. Ɗalibin da ya rubuta "ana sa daddawa a miya" ya tsaya, bai ce komai ba. Ta kalwa ce ko ta waken suya, wanda ya shigo daga baya ya kuma fi sauƙin samu? Mai girkin ita ta yi ko saye ta yi? Dunƙule nawa ta ƙara a kai? Itatuwan ɗorawa nawa suka rage a gonar gidan, wa ke da ikon tsinkar su? A cikin amsoshin nan ake ganin kuɗin shigar mata, da saran itatuwa, da sauyin ɗanɗano tsakanin uwa da 'ya.

Tambayoyin nan kuwa ba maigida ne zai amsa su ba. Shi ya san buhu nawa ya shiga rumbu, amma sau da yawa bai san abin da ya shiga tukunya ba. Ɗalibi namiji da ya tsaya a zaure ya cika takardarsa da amsoshin maza ya rubuta labarin girki daga bakin waɗanda ba sa girki. Littafin Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, ya samu ne domin Mary Smith mace ce, ta iya zama da Baba a 1949 zuwa 1950 tana rubuta maganarta da Hausa, a inda mijinta M. G. Smith ba shi da damar shiga. Baba kuwa a ƙasar Zarewa ta tashi, maƙwabtan Kiru ta yamma. Darasin a fili yake: aikin nazarin abinci a raba shi tsakanin ɗalibai mata da maza, kuma a bayyana a cikin rubutun wa ya tambayi wa.

Sai kuma kunya, wadda ita ce babbar mai ɓata alƙaluma. Baƙo idan ya zo, abincin baƙo ake yi masa. Idan aka tambayi mutum abin da yakan ci, zai faɗi abin da ya kamata mai mutunci ya ci. Babu mai son ya ce jiya da rogo da ƙuli aka kwana. Wannan ba ƙarya ba ce, rufin asiri ne, kuma haƙƙin mai gida ne. Maganinsa shi ne a daina tambayar "me kukan ci", a tambayi abin da aka dafa jiya da safe da rana da dare, a kuma koma gidan sau da yawa har a daina ɗaukar mai tambaya baƙo. Sannan a ɓoye sunan gidan. Nina Etkin da Paul Ross, waɗanda suka yi nazarin abinci da magani a wani ƙauye kudu maso gabas da Kano tun daga tsakiyar shekarun 1970, ko sunan ƙauyen ba su bayyana ba, sun laƙaba masa Hurumi. Ɗalibin da zai rubuta cewa gidan wane a unguwa kaza sau ɗaya suke ɗora tukunya a watan Agusta, alhali 'ya'yan gidan suna aji ɗaya da shi, ya ci amanar da aka ba shi. A nemi izini tun farko, a faɗi abin da za a yi da bayanin, a sa lamba a maimakon suna.

Ambaton Agusta ya kawo batun lokaci. Binciken da aka yi da kaka, rumbu cike, ba zai yi kama da wanda aka yi da marka ba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, ake komawa ga tafasa da rama da zogale a yi kwaɗo ko fate. Waɗannan ganyaye, da su Etkin suka nuna cewa da yawansu abinci ne kuma magani, ba sa bayyana a kundin da aka rubuta a hutun Disamba. Shi ya sa binciken da Emmy Simmons ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta yi kan cimar ƙauyuka uku na ƙasar Zariya ya ɗauki fiye da shekara guda, daga 1970 zuwa 1971. Awo kuma a yi shi da sikeli. Mudu da tiya da kwano suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, cikar ma akwai mai tozo akwai shafaffiya. A rubuta "tiya biyu" kamar yadda mai girki ta faɗa, sannan a auna tiyar gidan a rubuta nauyinta da kilo.

Mai karatu na iya cewa wannan ya yi wa ɗan sakandare nauyi, kuma irin wannan ƙididdiga tana kashe armashin al'ada, domin abinci ba kilo ba ne kawai, akwai tuwon suna da na sadaka, da kunun mai jego, da ƙwaryar da ake aika wa surukai. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Wanda ya auna hatsi bai tambayi dalilin da ya sa maigida ke ci shi kaɗai ko da baƙinsa a zaure, yara kuma a kwano ɗaya, shi ma rabin aiki ya yi. Amma ma'anar abinci ba ta fitowa sai an san abincin. Ba za a gane abin da tuwon shinkafa ke nufi ranar biki ba sai an san cewa sauran ranaku na masara ake ci. Game da nauyi kuwa, abin da ake nema bai wuce littafin rubutu da sikelin kasuwa da tsofaffin jaridu ba. Abin da ya fi wuya shi ne ɗabi'ar rarrabe abu uku a kan takarda: abin da ɗalibi ya gani da idonsa, abin da aka gaya masa, da abin da ya karanta. Hausa ta tanadi kayan aikin tun tuni, tana da "wai" da "in ji" da "an ce", sai dai ɗalibai sukan zubar da su da zarar sun ɗauki biro, suna zaton rubutun ilimi ba ya son su.

Makarantun sakandare na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Riruwai za su iya fara wannan aiki ba tare da jiran kowa ba. Malamin nazarin halittu da na Hausa su haɗa kai, kowane aji ya ɗauki gidaje kaɗan da suka yarda, a ziyarce su da bazara da marka da kaka da hunturu, a ajiye kwafi a ɗakin karatu da shekara a rubuce a bangonsa. A fara da tsofaffi mata. Wadda take da shekara 15 lokacin da aka gama madatsar Tiga a 1974 yanzu ta haura 65, kuma ita ce za ta iya faɗin irin dawar da ake tuƙawa a gidansu kafin masara, da ganyayen da ake tsinka a fadamun da ruwa ya shanye.